Tambaya da Amsa: Yaya ake gadon sarauta a Saudiyya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Don Allah a raba mana gardama ni da abokina, shi ya ce a Saudiyya ɗan fari ne ke gadon sarauta kamar a Ingila, ni kuma na ce ai Sarki Salman yayansa ya gada ba mahaifinsa ba. To waye ke da gaskiya, kuma ya aka yi yanzu ɗansa ya zama yarima mai jiran gado? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kai ne da gaskiya, amma kar ka yi saurin yi wa abokin naka dariya don ɗa ya gaji mahaifinsa shi ake shirin gani nan gaba.

Sarki Abdul'aziz ya kafa masarautar a 1932, ya rasu a 1953, kuma tun daga nan har zuwa Salman duk 'ya'yansa ne suke ta miƙa wa juna: Sa'ud, Faisal, Khalid, Fahad, Abdullahi, sai Salman a Janairun 2015. Mutane na ɗauka shekaru ake bi kawai, to ba haka ba ne gaba ɗaya. Sa'ud dai shi ne babba amma a 1964 'yan gidan da malamai suka haɗu suka sauke shi suka ɗora Faisal. Akwai kuma Yarima Muhammad wanda ya girmi Khalid amma ya janye ya bar masa. Kenan abin da ke aiki shi ne wa manyan gida suka yarda da shi, kuma wa ke da 'yan'uwa masu ƙarfi a bayansa, shi ya sa ake yawan maganar 'yan ɗakin Hassa bint Ahmad al-Sudairi su bakwai, Fahad da Sultan da Nayif da Salman duk cikinsu suke.

A rubuce kuwa, dokar mulki ta 1992 ta ce sarauta tana cikin 'ya'yan Abdul'aziz da jikokinsa maza, a yi wa wanda ya fi cancanta mubaya'a. A 2006 Sarki Abdullahi ya kafa majalisar mubaya'a, wadda za ka iya cewa kamar masu zaɓen sarki ne a wajenmu, sai dai su duk 'yan gidan ne.

Matsalar ita ce tsufa. Yarima Sultan ya rasu a 2011 yana jiran gado, Nayif da ya maye gurbinsa shi ma ya rasu a 2012, ka ga dole wata rana a sauko kan jikoki, tambayar kawai ɗakin wa za ta faɗa. Salman bai ɓata lokaci ba, a Afrilun 2015 ya sauke ƙaninsa Muƙrin daga kujerar yarima mai jiran gado ya naɗa ɗan yayansa Muhammad bin Nayif, sannan a Yunin 2017 shi ma aka ajiye shi aka ɗora Muhammad bin Salman, aka sanar cewa mutum 31 cikin 34 na majalisar sun amince. Ni a ganina majalisar nan hatimi kawai ta buga, an gama shawara tun kafin a tambaye ta.

Wani abu da mutane ba su lura da shi ba, a ranar da aka naɗa Muhammad bin Salman aka yi wa dokar mulkin kwaskwarima cewa bayan 'ya'yan Abdul'aziz, sarki da yarimansa ba za su fito daga reshe ɗaya ba, wato a takarda Muhammad ba zai iya naɗa ɗansa ba in ya hau. Amma fa dokar da umarnin sarki aka yi ta, da umarnin sarki kuma ake canza ta. Ko yanzu ma tun Satumban 2022 Muhammad bin Salman ne firaminista, muƙamin da a al'ada sarki ne ke riƙewa da kansa.