Karatun injiniyan makanikal a jami'ar jeka-ka-dawo: amsa ga mai tambaya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya karatun injiniyan makanikal a jami'ar cikin birni wadda ba ta da ɗakin kwanan ɗalibai, kullum daga gida za ka riƙa zuwa. Za ka iya, ni ma a haka na gama. Amma makara a lacca da kake tsoro ita ce ƙaramar matsalar. Laccar da ta wuce ka, sai ka karɓi littafin wani ka kwafa. Ɗakin gwaji kuwa ba ya kwafuwa.

Ɗauki gwajin jan ƙarfe. Za a damƙe sanda a bakin inji a yi ta ja, tana miƙewa a hankali, tsakiyarta ta tsuke, can sai ka ji ƙas, ta tsinke. Da alƙaluman ranar za ka zana jadawali, ka fitar da taurin ƙarfen, wanda ya kamata ya faɗo wajen gigafaskal 200 (ma'aunin da ake auna taurin da shi) idan injin bai yi ƙarya ba. In kana cikin cunkoson motoci a lokacin, shi ke nan, sanda ta riga ta tsinke. Haka ranar walda da ranar hawa injin feƙe ƙarfe.

Don haka ka ɗauki makarantar tamkar wajen aiki: ka shiga da safe, kada ka fita sai yamma, ko da lacca biyu ce kawai a ranar. Tazarar da ke tsakani a nan karatunka yake. Kalkulas (wani reshen lissafi) da tamodainamik (ilimin zafi da makamashi) teburi suke so da takarda da kalkuleta, ba sa shiga kai a cikin bas, duk wanda ya ce maka suna shiga bai gwada ba. Zaman cikin bas na bitar dokokin Newton ne da haddar fomula. Ga kuma SolidWorks da MATLAB, manhajojin zane da lissafi, sau da yawa a kwamfutocin sashe suke, kuma SolidWorks na wahalar da ƙaramar laftof.

Abokan karatu su ma sai ka neme su da gangan, domin ana tashi kowa ke kama gabansa. Tun shekarar farko ka riƙe mutum uku ko huɗu, su za ka buƙata lokacin aikin kammalawa.

Kafin ka yi rajista, je sashen ka tambayi ƙarfe nawa ake tashi daga gwaji, ka gwada da lokacin motar ƙarshe ta unguwarku.