Tambayi Likita: Cibiyar jariri, gudawa da jijjiga

Tambaya: Likita, ɗana mai wata bakwai yana gudawa, an ce haƙori ne. (Wata uwa daga Funtuwa)

Amsa: Haƙori ba ya sa gudawa, Hajiya. Lokaci ne da yaro ke kai komai baki, ta nan ƙwayar cuta ke shiga cikinsa. Ki haɗa ORS (garin gishiri da sukari na masu gudawa) leda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ki ba shi maganin zinc kwana 10 zuwa 14, kada ki dakatar da nono. In idonsa ya faɗa ko maɗigarsa ta loɓa, sai asibiti.

Tambaya: Jaririyata kwananta shida. Kakarta na gasa mata cibiya da tsumma, ta shafa man goge baki. Yanzu wurin ya yi ja yana wari, jikinta da zafi, ta rage kama nono. An ce in bari a yi suna tukuna. (Mai jego daga Gusau)

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki jira suna, kada ma ki jira gari ya waye. Ki goya ta ku tafi asibiti yanzu.

Cibiya ɗanyen rauni ce, kuma jijiyoyinta sun shige har cikin jiki. Ƙwayar cuta in ta samu wannan ƙofa, jini take shiga, jariri kuwa bai da ƙarfin yaƙarta. Shi ya sa zazzaɓin da ya kai digiri 38 ga ɗan ƙasa da wata ɗaya ba na maganin kemis ba ne. Allura yake buƙata, a gadon asibiti. Ƙin nono, sanyin jiki, yawan barci, numfashi sama-sama: ko ɗaya kika gani, ki tafi. In haƙarƙari na lotsawa ko baki ya ƙi buɗuwa, abin ya ƙara tsanani.

Wallahi abin nan yana ci mini rai. Man goge baki, toka, gishiri, har da kashin shanu a cibiya! Ta nan cutar tetanus ke shiga, jariri ya sandare, a ce iska ce. Na san kaka ƙauna ce ta sa ta, amma a lallashe ta ta bari. Abin da ake shafawa shi ne man chlorhexidine mai kashe ƙwayoyin cuta, kullum a satin farko, bayan an wanke hannu. Cibiya da kanta take faɗuwa cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Maigida ma ya ji: kuɗin rago a fara kai yarinya asibiti da shi.

Tambaya: Yarona ya yi jijjiga da zazzaɓi, muka sa masa cokali a baki. Daidai ne? (Wani uba daga Maraɗi)

Amsa: A'a, Malam. Cokali karya haƙori yake yi, ɗura kuma shaƙe yaro take. A kwantar da shi ta gefe, a rage masa tufafi, ban da hayaƙi. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti a ranar, don a tabbatar ba maleriya mai tsanani ko sanƙarau ba ne.