Ƙanwata, kada ki ajiye alƙalamin, kuma kada ki amsa masa yau

Assalamu alaikum ƙanwata. Tun da safe na ga tambayarki, na rufe wayar, na sake buɗewa na karanta, don wallahi kamar ni na rubuta ta shekaru huɗu da suka wuce. Kin ce kin fitar da kashi 9 na labarin zanenki, wasu sun matsa sai kin haɗa jarumar da wani saurayin daban, wani kuma duk fitowa sai ya zo ya ce zanenki kamar na 'yan firamare. Kina tambaya ko ki amsa musu, ko ki bi abin da suke so, ko ki daina gaba ɗaya. Batun dainawa dai ki cire shi daga ranki. Sauran biyun kuma duk na yi su, kuma duk sun ƙona ni.

Ni ma a Canvas na Webtoon na fara, wato dandalin da kowa ke iya saka labarin zanensa, ina kuma yanka zanen ina sakawa a Instagram. Labarin wasu 'yan'uwa mata biyu ne da suka daina magana da juna bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tun kafin in zana layi ɗaya na san ƙarshensa, yayar za ta fahimci kuskurenta, ƙanwar za ta yafe mata. Don wannan yafiyar na fara labarin ma.

Akwai wani mai karatu, ba hoto a shafinsa, ba suna na gaskiya. Da yabo ya shigo min. Shi ne mutum na farko da ya taɓa rubuta min dogon sharhi, har ya lura da yadda nake canza launin bango idan ƙanwar tana cikin damuwa. Kin san yadda wannan yake a zuciyar wadda ta kwana tana zane ba ta san ko akwai mai kallo ba. Har ya zama ina saka sabon kashi ina jiran in ga me zai ce. Daga yabo sai shawara, daga shawara sai umarni. Ya ce yayar muguwa ce, ba ta cancanci yafiya ba, idan na bar ta haka na ci amanar masu karatu. Mutum uku ko huɗu suka mara masa baya. A idona a lokacin duniya ce gaba ɗaya ta yi magana.

Ina da kashi 3 a ajiye da na riga na gama, kowanne ya haura akwatin zane 40, kowanne ya ci min fiye da awa 20 tsakanin zayyana, tawada, launi da rubutu. Na watsar da su. Na sake rubuta labarin, na mayar da yayar azzaluma, na sa ta yi abin da ni kaina na san ba za ta taɓa yi ba. Ina zana fuskarta hannuna yana ƙi, amma na danne.

Ranar da kashin ya fita, shi wannan mutumin, shi ɗin dai, ya rubuta cewa mai labarin nan ba ta san inda ta dosa ba, labari ya lalace, gara ta koma ta koyi rubutu. Kuma kin san sharhin da ya fi samun goyon baya shi ke hawa sama, don haka duk wanda ya gama karantawa, maganarsa ce abu na farko da zai gani a ƙarƙashin aikina. Na zauna a bakin gado ina kallon wayar, ina sake sabunta shafin, ina ganin adadin masu danna masa yana ƙaruwa. Ban yi kuka ba a lokacin, jikina ne kawai ya yi sanyi. Wajen ƙarfe biyu na dare na rubuta masa amsa mai tsawo, na tuna masa cewa shi ya sa ni canzawa, na rufe da cewa idan ya iya ya je ya zana nasa. Kafin gari ya waye ya ɗauki hoton amsar, ya yanke duk bayanin da na yi, ya bar layin ƙarshe kaɗai ya yaɗa. Mutanen da ba su taɓa karanta kashi ɗaya ba suka cika min shafi suna cewa ina da girman kai. Duk wannan bai kai zafin saƙon wata baiwar Allah ba, wadda take bin labarin tun farko ba ta taɓa cewa komai ba. Kalma biyar ta rubuto: ban zaci haka kike ba. Wata bakwai ban buɗe ibisPaint, manhajar da nake zane da ita, ba. Har yau idan na ga shafi marar hoto ya fara yabona da yawa gabana faɗuwa yake yi, kuma har yau ban san me na yi wa mutumin nan ba.

To ki ji. Wancan mai cewa zanenki na 'yan firamare ne, kada ki ba shi ko harafi ɗaya. Ba a rama gayya da fushi, kuma amsarki ita ce abin da yake nema. Idan a Instagram ne, tun 2019 suka kawo hanyar taƙaita mutum ba tare da kin toshe shi ba, ya rubuta sharhinsa shi kaɗai zai gani sai idan kin amince ya fito. A Facebook ma kina iya ɓoye sharhi, ya rage daga shi sai abokansa ke gani. Ki yi hakan, ba rashin jarumta ba ne. Idan kuma maganar ta tsaya miki a wuya dole sai kin fitar, ki rubuta a wurin ajiye rubutu na wayarki, ki kwana, ki karanta da safe. Ni ban taɓa tura wadda ta kwana ba.

Amma kada zafin wannan ya sa ki toshe kunne ga kowa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Gyara mafi amfani da na taɓa samu daga wani yaro ne da ya ce min, Anti, rubutun ya yi ƙanana, sai na zuƙo hoton nake iya karantawa. Gaskiya ya faɗa. Ina aiki a babban allo, na manta faɗin shafin Webtoon pixel 800 ne kawai kuma a tafin hannu ake karanta shi. Tun daga ranar sai na tura wa wayata kowane kashi na duba kafin in saki. Ki kuma duba irin harafin da kike amfani da shi, da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ki ga kalma ta fito da rami a tsakiya ko harafi ɗaya ya sha bamban da 'yan'uwansa. Wannan ya ba ni wahala sosai kafin in sami wanda ya dace.

Su kuma masu son ki canza saurayi, ki yi murna da su a ranki, don ba a faɗa a kan mutanen da ba a damu da su ba. Idan mai karatu ya zagi wani a cikin labarinki, ba ke ya zaga ba, aikinki ne ya kama shi. Ki ce musu kin gode, ku ci gaba da bibiya, shi ke nan. Kada ki yi alkawari, kada ki tsaya bayanin dalilinki. Idan mutum biyar suka ce ba su gane abin da ya faru a wani wuri ba, ki yarda akwai matsala a wurin ki gyara yadda kika nuna shi. Amma inda labari zai dosa, su kashi 9 suka gani, ke kin ga ƙarshe. Ki buɗe shafin alƙalumanki ki kwatanta yawan waɗanda suka karanta da yawan waɗanda suka yi magana, za ki ga masu shirun sun ninka su nesa ba kusa ba, kuma labarin da kika fara shi ya riƙe su.

Don Allah kuma ki tara na ajiya, ko kashi 4 ne, kafin ki ci gaba da saki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wadda take zana na gobe a daren yau ita ce sharhi ɗaya ke iya juya mata labari, don tana rubutu ne da maganar mutane a kunnenta. Ki kula da wuyan hannunki ma, ki riƙa tashi kina miƙewa, nawa har yanzu yana min ciwo idan na daɗe a kan launi.

Na koma na ƙarasa labarina daga baya, amma yayar ba ta dawo yadda na san ta ba, abin da na sa ta yi ya riga ya fita, yafiyar da na rubuta a ƙarshe ba ta zauna daidai ba. Wannan ne yake damuna fiye da zagin.

Na leƙa naki kafin in rubuto. A kashi na 6, inda jarumar ta tsaya a bakin ƙofa kika bar dogon fili fari kafin akwati na gaba, sai da na tsayar da yatsana a wurin. Idan kashi na 10 ya kammala ki turo min ta saƙo kafin ki saki, zan duba miki girman rubutun a wayata.