Tambaya da Amsa: Makunnin murhun gas ya ƙi aiki, in jawo masa wuta daga soket?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya, sannu da ƙoƙari. Gidan da muka koma akwai murhun ɗumama falo mai aiki da gas, irin mai gilashi a gaba, da suwic a bango ake kunna shi. To kwana biyun nan sai na yi ta danna suwic ɗin kafin wutar ta kama, wani lokacin ma shiru, alhali ƴar ƙaramar wutar nan ta ciki tana ci. Na kwance suwic na sa testa ba wuta ko kaɗan, abokina yace wayar ce ta mutu, wai in jawo daga soket na kusa. Haka ne? Kuma zan iya sa masa rimot?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Dan girman Allah kar ka jawo wutar soket zuwa wannan suwic, abokinka da kyakkyawar niyya ya faɗa amma shawarar za ta ƙona maka bawul ɗin gas nan take, kuma jikin murhun ƙarfe ne, zai iya jan duk wanda ya taɓa.

Testa ba za ta taɓa kawo haske a wurin ba, domin irin naka shi yake samar wa kansa lantarki. Leƙa wajen ƙaramar wutar nan da ke ci kullum, wadda ake kira failot, za kaga wani ɗan sandan ƙarfe mai ɗan kauri harshen wutar yana lasarsa, sunansa tamofail, zafin ne yake juyawa zuwa lantarki, iyakarsa wajen milibolt 750, wato ko bolt ɗaya bai kai ba, rabin abin da batir AA ke bayarwa kenan. Wannan ɗan mitsitsin lantarkin shi ke buɗe bawul gas ya wuce zuwa babbar wuta, shi yasa ko an ɗauke wutar gida murhun yana kamawa. Suwic ɗin bango ba abin da yake yi illa haɗa wayoyi biyu ya raba su.

Kuma nan matsalarka take a ganina. Tunda lantarkin ba shi da ƙarfi, ƴar tsatsa ko datti a cikin suwic ta isa ta tare shi, haka waya in ta yi tsawo da yawa ko ta yi siriri ko sukurun ya saki. Ga gwaji mai sauƙi: failot na ci, maɓallin bawul na kan ON, cire wayoyin biyu daga suwic ka haɗa bakinsu da juna. In babbar wutar ta tashi nan da nan to suwic ne ya gaji, canza shi shikenan. Amma kafin ka taɓa, ka tabbata ba suwic ɗin fanka ka kwance ba, wasu murhunan suna da fanka mai hura ɗumi kuma ita da wutar gida take aiki, sau da yawa makunnan biyu suna kusa da juna.

In haɗa wayoyin bai yi ba, buɗe murfin ƙasan murhun, a jikin bawul akwai sukurori uku an rubuta TH, TP, da TH/TP. Wayoyin tamofail suna kan TP da TH/TP, na suwic kuma TH da TH/TP. Sa mitarka ta auna lantarki a milibolt na DC ka auna TP da TH/TP, suwic a kashe. Lafiyayye yakan ba da 500 ko sama, in kaga ya sauko ƙasa da 300 to ko tamofail ɗin ya tsufa ko failot ɗin ya yi rauni, ya kamata wutar ta zama shuɗiya ta lulluɓe saman sandan, ba rawaya mai rangaji ba. Littafin murhunka zai ba ka ainihin adadin da kamfanin ya sa. Daga nan kuma ka tsaya, goge failot ko canza tamofail ko kwance bututu aikin ƙwararren mai gyaran gas ne, ba na son ka yi shi da kanka.

Rimot kam zai yiwu. Sayi wanda aka rubuta na milibolt ne, akwatinsa mai karɓar sigina yawanci batir AA huɗu yake ci, wayoyinsa biyu su ma TH da TH/TP za su hau. Ajiye shi nesa da zafi, ka tura maɓallinsa zuwa REMOTE. Na'urorin daidaita zafi na zamani masu haɗuwa da wayar hannu galibi bolt 24 suke so, su sai an sa rile, wato ɗan makunnin da lantarki ke kunnawa da kashewa, a tsakani.

Tambaya: Injiniya nawa ba shi da wutar da ke ci kullum, in na kunna sai inji ƙas ƙas ƙas, failot ya kama, amma ƙarar ba ta tsayawa daga baya ya mutu. Me ke faruwa?

Amsa: Hajiya naki na zamani ne, akwatin lantarki ne ke ƙyasta wutar duk sanda aka kunna, da adafta yake aiki, akwai kuma gidan batir na ko-ta-kwana. Ƙarar da ba ta tsayawa tana nufin akwatin bai gane cewa wuta ta kama ba, yawanci siririn ƙarfen da ke jin harshen wuta ne ya yi datti, ko wayar at (earth) da ke ɗaure a jikin murhun ta saki. Fara da sa sababbin batura ki duba adaftan yana zaune daidai a soket, in bai yi ba a kira mai gyara. Kar ki yi ta maimaita kunnawa, ki bar minti 5 tsakani gas ɗin da ya taru ya fice. In kuwa kin ji warin gas kar ki taɓa kowane suwic, ko na fitila, ki fitar da kowa waje sannan ki buga waya daga can. Ki kuma sa na'urar gano iskar kabon monoksaid a gidan, wannan iskar ba ta da wari ko launi.