Tambaya da amsa: Fil ɗin adon da na saya tsoho ne ko jabu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi fil ɗin ado na maƙalawa a mayafi wajen wani mai gwanjo. A bayansa an buga "Eisenberg Original", ya ce ƙirar 1940 ce. Duwatsunsa na walƙiya kala-kala kamar bakan gizo. Akwai kuma 'yan kunne masu sunan Trifari da alamar ©, ya ce sa'annin fil ɗin ne. Yaya zan gane gaskiyarsa?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Zan faɗa miki ba ɓoye-ɓoye: fil ɗin nan jabu ne, kuma duwatsunsa ne suka tona masa asiri. Wannan ƙyalli mai kama da bakan gizo, wanda 'yan sana'ar ke kira aurora borealis, kamfanin Swarovski na ƙasar Ostiriya ne ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1950. Shi kuwa tambarin "Eisenberg Original", kamfanin kayan ado na Eisenberg na birnin Shikago a Amurka ya yi amfani da shi ne wajajen 1935 zuwa 1945. Kin ga ke nan an haɗa tambari da dutsen da ba su taɓa zama a zamani ɗaya ba.

Abin da ke yi mini ciwo shi ne yadda mutane ke ganin suna a baya sai hankalinsu ya kwanta, alhali sunan ne ya fi komai sauƙin kwaikwaya. Maƙerin jabu yakan samo na asali ne ya ɗauki zubinsa, ya zuba ƙarfe mai arha. Shi ya sa haruffan ke fitowa a dusashe, gefensu a mulmule, kamar rubutun jikin sabulun da aka fara wanka da shi. Na gaske kuwa haruffansa rangaɗau suke. Ki juya fil ɗin, ki sa masa fitilar waya. Eisenberg na wancan lokaci yana da nauyi a tafin hannu, manyan duwatsunsa kuma 'yan haƙoran ƙarfe ne ke riƙe da su. In kika ga gam ya tsattsafo a gefen babban dutse ya bushe, to an gama magana.

Ki duba tsufan ma. Abin da aka yi shekara tamanin ana sawa, inda yatsa ke taɓawa da bakin maɓalli ne ke gogewa. Baƙin da ya rufe ko'ina bai ɗaya, shafa shi aka yi.

'Yan kunnen kuwa kada ki yi saurin yar da su, mai yiwuwa na gaske ne. Sai dai kamfanin Trifari bai fara buga ©, wato alamar haƙƙin mallaka, ba sai wajajen 1955, bayan ya yi nasara a wata shari'ar haƙƙin mallakar zane a Amurka. Saboda haka shekaru mai gwanjon ya ƙara musu, aƙalla goma sha biyar, don kuɗin su hau. Ki koma masa da wannan hujja ki nemi ragi, fil ɗin kuma ya karɓi abinsa.

Kafin nan, don Allah kada ki jiƙa 'yan kunnen a ruwa da sunan wanki. In suna da duwatsu, akwai siririn shafe mai ƙyalli a bayan kowanne, da zarar laima ta shige shi sai dutsen ya yi duhu, ba ya kuma dawowa. Busasshen ƙyalle mai laushi ya wadatar.