Amsa kan injin dizal da ya ƙi tashi bayan mai ya ƙare

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce injin niƙanka da ke wajen Ringim ya mutu da man ya ƙare a tanki, ka sake zuba wani amma ya ƙi tashi, har ka fara zargin famfo, wato na'urar da ke tura mai cikin injin. Kada ka yi gaggawar kwance shi, domin mafi yawan lokuta iska ce ta shiga bututu.

Injin dizal ba shi da fulogi irin na babur mai fetur. Matsin iska ne ke haifar da zafin da ke kunna mai, kuma famfo ba ya iya tura mai zuwa nozil, wato bakin da ke fesa mai cikin injin, muddin akwai iska a hanya. Ka buɗe makunnin tanki, ka sassauta notin da ke kan filtar mai, ka bar man ya riƙa fita da kumfa har sai ya zo zalla, sannan ka ɗaure. Daga nan ka sassauta notin bututun nozil da sifana, ka juya hannun tada injin sau da yawa har man ya fara tsartuwa, sannan ka ɗaure notin. Ina roƙonka kada ka kai yatsa bakin nozil, domin ƙarfin feshin yana huda fata.

Idan ya tashi da farin hayaƙi yana tari, ka duba man. Na taɓa zuba gas ɗin jarka a kwalba, da safe na ga ruwa kwance a ƙasa. Baƙin hayaƙi kuwa, musamman da hunturu, ka fara wanke filtar iska.