Tambaya da Amsa: Wai Nowel (Kirsimeti, bikin haihuwar Yesu) daga wajen arna aka samo shi?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan Katolika ne a nan Maradi, unguwar Zariya. Wani abokin aikina kullum sai ya ce min wai Nowel ɗinmu da sauran al'adun coci duk daga bautar gumakan Romawa aka kwaso su, babu su a Littafi Mai Tsarki. Don Allah gaskiya ne?

AMSA: To ɗan'uwa, abokin naka ya taɓo gaskiya amma bai kai ƙarshenta ba. Ka buɗe Linjila tun daga Matiyu har Yohanna ba za ka ga ranar da aka haifi Yesu ba, Luka dai ya ce makiyaya na kwana a daji suna tsaron garkensu, shi ke nan. Shaida mafi tsufa ta bikin 25 ga Disamba a Roma ta shekarar 336 ce, kuma a watan ne Romawa ke shagalin Saturnaliya tun daga 17, a ci a sha a raba kyaututtuka, ga kuma bautar rana da sarki Aureliyan ya ɗaukaka a 274, kaga dole a yi zargi. Sai dai masana da yawa na cewa lissafi ne kawai, an ɗauki 25 ga Maris a matsayin ranar da Maryamu ta ɗauki ciki aka ƙara wata tara.

Inda ba musu shi ne wasiƙar Paparoma Giregori ta 601, ya ce wa masu wa'azi a Ingila kar su rushe ɗakunan tsafi, a fasa gumakan a yayyafa ruwan albarka a mai da wurin coci, har shanun da aka saba yanka wa gumaka ya ce a bar mutane su yanka su ci ran biki suna gode wa Allah. Dabara ce, kuma bai ɓoye ta ba. Mu a Katsina da Gobir ai mun san irinta, al'adun kakanni nawa suka rage a bikin aure da suna bayan an bar tsafin?

Batun littafi kuwa, Katolika tun asali ba littafi kaɗai ta dogara da shi ba, taron shugabannin cocin Katolika na Tirento a 1546 ya haɗa shi da koyarwar da aka gada daga manzanni, hujjarsu 2 Tasalonikawa 2:15, su kuma 'yan Furotesta su kawo Markus 7:8 inda Yesu ya tsawata wa masu fifita al'adar mutane. Nan ainihin saɓanin yake. Ni dai ban yarda a kira ka mai bautar rana don ka je coci ran 25 ba, amma kai ma kar ka ce masa ranar tana rubuce a Linjila. Ku zauna ku karanta ayoyin nan biyu tare.